Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Shari'a Na Jihar Jigawa: Rabin Sabbin Dokokin Laifi Ne Ya Iso Ƙauye

Mai girma Kwamishinan Shari'a kuma Babban Lauyan Gwamnatin Jihar Jigawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ni tsohon malamin firamare ne a ƙasar Taura, cikin Masarautar Ringim. Tun da na ajiye alli, aikina a garinmu shi ne karanta wa mutane takardun da suka zo musu, sammaci ne ko takardar beli ko rasit ɗin tara, da rubuta wa dagaci abin da aka tsayar idan an yi zaman sulhu. Na zaɓi in yi wasiƙar nan a buɗe saboda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma ina so a karanta wa masu unguwanni da limamai su ji.

Cikin 'yan shekarun nan an taɓa dokokin laifi sosai. A 2019 jiharmu ta samu dokar gudanar da shari'ar laifuka, wadda aka gina a kan dokar tarayya ta 2015, ta maye gurbin tsarin da muka gada tun 1960. A 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda. A 2021, zamanin Gwamna Badaru, aka yi dokar hana cin zarafin mutane a farkon shekara, aka yi dokar kare yara a ƙarshenta. Dokokin nan sun tsananta hukunci a kan mai laifi, sun kuma sa kariya ga wanda ake zargi da wanda aka zalunta. Labarin tsanantawar ya iso mana tun ranar da aka sa hannu. Babu mai shayi ko ɗan acaɓa a Gujungu da bai ji cewa wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 10 fyaɗe hukuncinsa kisa ne ba, kuma mun yi na'am da haka. Labarin kariyar kuwa yana can Dutse cikin littattafan Turanci, daga lauya sai wanda ya iya biyan lauya. Ƙorafina ke nan, ranka ya daɗe.

Bari in fara da abin da ya fi yawa a wajenmu, wato kama wani a madadin wani. Yaro ya yi faɗa a kasuwa ya fasa wa wani kai, kafin gari ya waye ya hau motar Legas. Sai a zo a ɗauki tsohonsa ko yayansa, a sa shi bayan kanta, a ce ba zai fita ba sai ya kawo yaron. Sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana wannan ƙarara, haka ma sashe na 7 na dokar tarayya ta 2015. Dokar 'yan sanda kuwa tana kan kowane ɗan sanda a Najeriya, daga hedikwatar Abuja har ƙaramin ofishin da ke bakin kasuwar ƙauye. Tun kafin a rubuta waɗannan sassa, Alƙur'ani ya gaya mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Amma je ka zauren kowane mai unguwa ka tambaya, za a ce maka ai haka ake yi tun kaka da kakanni. Sau da yawa ma mai ƙarar ne ke matsawa: "A kamo uban, ɗan zai fito." Tsohon da aka kama bai san an karya doka a kansa ba, balle ya san sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Idan ya fito sai ya gode wa Allah, ya gode wa wanda ya kama shi, ya sayar da akuya ya biya bashin da aka ci don fito da shi.

Na biyu shi ne bashi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yi wa doka kwana. Dillalin riɗi ko na zoɓo ya ba manomi kuɗin taki da damina, da sharaɗin zai biya da buhuna da kaka. Ruwa ya yi gyara, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi mana a ƙasar Ringim da Haɗeja, gona ta tafi. Manomi bai musa bashi ba, abin biya ne babu. Hanyar da doka ta sani ita ce dillali ya kai ƙara gaban alƙali ya nemi haƙƙinsa, a duba, a sa lokacin biya ko a yanka masa kaɗan-kaɗan. Dillali yana ganin wannan hanya ta yi masa nisa, sai ya nufi caji ofis, kafin la'asar bashi ya koma "zamba cikin aminci" ko "cin amana" a takarda. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ya ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rigimar da ba ta laifi ba ce. Final Kod, wato kundin dokokin laifi da hukuncinsu da ake aiki da shi a Arewa, shi ma ya bambanta su. Zamba sai an nuna mutum ya yi yaudara ne tun farko don ya raba ka da dukiyarka, misali ya sayar maka da gonar da ya san ba tasa ba ce. Cin amana sai an nuna an ba shi abu ajiya ko riƙo, ya karkatar da shi da gangan, misali ka ba shi saniya kiwo ya kai ta Maigatari ranar Alhamis ya sayar ya ce ta mutu. Wanda ruwa ya ci wa gona bai shiga ko ɗaya ba. Da manomi ya san wannan bambanci, da dillali ya sani, da shi kansa kofur ɗin da ke kanta ya san mutanen gari sun sani, da rabin cinkoson da ke bayan kanta ranar kasuwa ya ragu. Ba na cewa dillali ba shi da haƙƙi. Yana da shi, kuma cin bashi da niyyar ƙin biya zalunci ne. Wurin neman haƙƙin ne aka sauya.

Sai maganar lokaci. Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana biyu ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. An keɓe laifukan da hukuncinsu kisa ne, wannan gaskiya ne, amma satar akuya da ɓarnar gona da zagi ba sa cikinsu. Mutanenmu abin da suka sani shi ne kada Allah ya sa a kama ka ranar Juma'a da yamma. "Beli kyauta ne" kuwa kowa ya iya karanta shi a bango, har wanda bai yi boko ba ya haddace, sai dai ana faɗinsa ne ana murmushi. Akwai kuma abin da ko a bangon ba a rubuta ba: dokar 2015 ta ce ba a hana mutum tsaya wa wani beli don kawai mace ce. A garuruwan da maza ke tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na ga uwa mai gona da shanu, wadda duk gari ya san mutuncinta, an ce ta koma ta nemo namiji, ɗanta ya ƙara kwana a tsare har aka samo wani kawunsa daga wani gari.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne takardar bayani. Ana yi wa mutum tambaya da Hausa, ana rubutawa da Turanci, a kama babban yatsansa a dangwala. Bai san me ya dangwala wa ba sai ranar da aka karanta a kotu cewa ya amsa laifi. Alhali yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da ya zaɓa da kansa, Tsarin Mulki ne ya ba shi. Dokar 2015 ta ƙara da cewa a ɗauki bayaninsa a gaban lauyansa, in ba shi da lauya a gaban jami'in hukumar ba da agajin shari'a ko wanda ya aminta da shi, a sa masa tafinta, kuma idan amsa laifi zai yi a ɗauka a bidiyo. A 2023 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Legas, ta nuna cewa irin wannan sharaɗi wajibi ne. Yau wayar da ke aljihun kowane ɗan sanda tana ɗaukar bidiyo, saboda haka rashin kayan aiki ya daina zama hanzari. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa, kuma dokar shaida ta 2011 ta ce amsa laifin da aka samo ta hanyar gallazawa ba a karɓarsa. A ƙauye har gobe ana ɗauka duka wani ɓangare ne na bincike. 'Yan sintirinmu ma, waɗanda muke tara musu kuɗin batir da na shayi, haka suka ɗauka, su da doka ta ce idan sun kama mutum su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba.

A kotu kuma akwai shawarar da ake raɗa wa mutum a baranda: "Ka amsa kawai, za a yi maka sassauci ka tafi gida." Wani ya amsa abin da bai yi ba don ya gaji, cikin minti kaɗan an yanke hukunci, ya zama mai tabon laifi har abada. Bai san nauyin kawo hujja yana kan mai tuhuma ba, abin da ko a karatun zaure mun sani, hujja tana kan mai da'awa. Bai san tafinta kyauta ne ba. Bai san ɗaukaka ƙara tana da wa'adi ba, yawanci kwana 30 daga ƙananan kotuna, sai dangi su tsaya jiran a sayar da amfanin gona, kafin su je wa'adi ya wuce. Sabon tsari ya yarda da yarjejeniyar amsa laifi don a rage hukunci, amma a rubuce, da yardar mutum, a ji ta bakin wanda aka cuta, alƙali kuma ya tabbatar ba tilasta shi aka yi ba. Wannan daban, raɗar baranda daban.

Ranka ya daɗe, wanda ya fi shafar ofishinka kai tsaye shi ne masu jiran shari'a. Ana kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi ko kisa, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar, sai ya aika da shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Daga nan sai dangi su yi ta zarya, kullum amsa ɗaya: fayil bai dawo ba. Don a kashe wannan ɗabi'a ne dokar 2015 ta sa wa umarnin tsarewa wa'adin kwana 14, in za a ƙara sai an kawo dalili, in an kai ƙarshe ba dalili a saki mutum. Ta kuma ba ofishin babban lauya kwana 14 ya ba da shawara bayan fayil ya iso masa. Duk da haka, alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali sun daɗe suna nuna cewa wajen biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Cikin waɗanda aka yanke wa ma, akwai masu zaman rashin kuɗin tara. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tarayya ta ƙaddamar da sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. An kyauta, amma abin tambaya shi ne me ya kai su ciki tun farko, alhali sabon tsari ya ba alƙali damar ɗaurin talala ko sa mutum aikin yi wa jama'a hidima a ƙananan laifuka, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta kafa sashe na musamman don kula da irin wannan hukunci. Yaron da ya saci kaza, ya share asibitin garinsu wata guda a gaban idon kowa ya fi masa zama horo a kan wata shida cikin gaggan ɓarayi.

Kada a ɗauka wanda ake zargi kaɗai rashin sanin nan ke cuta. Wanda aka yi wa sata ma yana cutuwa, garin ma haka. An kama ɓarawon babur, bayan kwana uku a gan shi a majalisa yana shan shayi. Nan take gari ya ɗauka an sayar da shari'a. Ba wanda ya bayyana wa mai babur cewa beli ba sallama ba ne, shari'a tana nan, kuma idan bai je ya ba da shaida ba ƙarar za ta mutu. Shi kuwa ya yi fushi ya daina zuwa kotu, ƙara ta mutu, zarginsa ya tabbata a idon jama'a. Ɓarawo na gaba da aka kama ba ya kaiwa caji ofis da ƙafafunsa. Duk wanda ya taɓa ganin taron da ya rufar wa mutum da sanduna a kan ihun "ɓarawo" ya san ba a tsayawa tambaya, kuma ba kullum ne wanda aka rufar wa yake da laifi ba. Da mai babur ya san kotu na iya sa a biya shi diyya a cikin shari'ar laifin kanta, ba sai ya sake shigar da wata ƙara ba, da ya fi kowa sammakon zuwa.

Haka batun sulhu. Mu a karkara da sulhu muke rayuwa, kuma sulhu alheri ne. Shanu sun shiga gona, an yi cacar baki a rijiya, an ture iyaka, duk waɗannan zauren dagaci ya fi kotu saurin kashe su, doka ma ta yarda a sasanta ƙananan laifuka irin su. Amma ina iyakar take? Masu unguwanni da yawa ba su sani ba. Har yanzu ana kawo maganar fyaɗe zaure, a ce a rufa wa yarinya asiri, a karɓi kuɗin magani, a yi addu'a a tashi. Mai unguwar da ya jagoranci haka yana ganin alheri ya yi. Bai san Final Kod ya ɗauki ɓoye mai laifi, ko karɓar wani abu don a kare shi daga hukunci, a matsayin laifi mai zaman kansa ba. Bai san jinkirin kai yarinya asibiti yana lalata hujja ba. An tsananta hukunci a takarda, amma ƙarar da aka kashe a zaure ba za ta taɓa ganin wannan hukuncin ba. Ga kuma ruɗanin kotuna biyu, tun da jiharmu ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 zamanin Gwamna Saminu Turaki: laifi iri ɗaya, wani a kai shi gaban majistare, wani gaban alƙali, talaka bai san wa ya zaɓa ba kuma bisa wane dalili.

An taɓa yin irin wannan sauyi a Arewa, kuma waɗanda suka yi shi ba su tsaya ga buga littafi ba. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda aka tsara bisa na Sudan, aka zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Da yake sun san alƙalan da za su yi aiki da shi ba 'yan boko ba ne, sai aka riƙa kai alƙalai da ma'aikatan kotu kwas a makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya. A lokacin babu waya a hannun kowa, rediyo ma sai gidan wane da wane. Yau muna da Rediyo Jigawa, muna da Freedom a Dutse, kowane matashi yana da WhatsApp.

Roƙona, ranka ya daɗe, ma'aikatarka ta fitar da waɗannan dokoki da Hausa. Ba ina nufin fassarar kalma da kalma da sai lauya zai gane ba. Ɗan littafi nake nufi, da boko da ajami, mai amsa tambayoyin da mutane ke yi da bakinsu: an kama ɗana, me zan yi? Kwana nawa za a riƙe shi? Wa zai iya tsaya masa? Wane laifi ne dagaci zai iya sasantawa, wanne ne ba zai taɓa ba? A ɗauki shafi ɗaya daga ciki a manna a ƙofar kowane caji ofis da kowace kotu a ƙananan hukumomi 27, da lambar wayar da za a kira idan an saɓa, lambar da ake ɗauka. A ba lauyoyin ma'aikata fili a rediyo mako-mako, bayan sallar isha lokacin da manomi ya zauna, a buɗe layi mutane su yi tambaya. A bi ta masarautun nan biyar, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, a tara hakimai da dagatai da limaman Juma'a a karantar da su, domin duk abin da liman ya faɗa a kan mumbari ya shiga gari.

Akwai kuma abu ɗaya da ba ya buƙatar sabon kasafi, tunda doka ta riga ta wajabta shi. Sashe na 70 na dokar 'yan sanda ya ce babban majistare, ko wanda Babban Joji ya wakilta, ya riƙa ziyartar caji ofis ɗin da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba rajistar kame, ya ga waɗanda ke tsare, ya ba da beli inda ya dace. Dokar ta kuma ce kowane babban caji ofis a sa masa ɗan sanda lauya mai lura da haƙƙin waɗanda aka kama. Ina roƙo ka tattauna da mai girma Babban Joji da Kwamishinan 'Yan Sanda a riƙa sanar da ranar wannan ziyara a rediyo, a kuma aika wa hakimi, yadda uwar da ɗanta ke ciki za ta san ranar da za ta je ta tsaya a ƙofa. Su ma 'yan sandan karkara a duba su. Wanda aka tura ƙauye ba mota, ba mai, ba takardar rubutu, daga aljihun mai ƙara da na wanda ake ƙara zai nema, kuma daga nan ɓarnar take farawa.

Idan ɗan littafin ya fito, a aiko mana ta hannun hakimi. Mu tsofaffin malamai muna da yawa a ƙauyukan nan, ba mu da aikin da ya fi ƙarfinmu, za mu karanta wa mutane a zaure da ƙofar masallaci da ranar kasuwa ba tare da an biya mu ba.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Ƙasar Taura, Masarautar Ringim.